Motar Malam a Hanyar Maruta

Tun da na dawo daga ƙasar Gwaram matan ajinmu na makarantar manya suka hana ni sakat. Wannan ta tare ni a bakin famfo, waccan ta biyo ni gida ina tsakiyar suyar ƙuli, kowa da tambayarta. Wai da gaske ne na kwana a garejin makanikai? Wai da gaske ne na daka wa namiji tsawa a kan titi? Na farkon ƙarya ne. Na biyun an yi. Na gaji da maimaitawa, kuma na ga labarin ya fara fitar da rassan da ban san su ba, shi ya sa na zauna na rubuta shi. Wadda karatunta bai kai ba tukuna ta dage, ni ma sai da na aurar da 'ya sannan na riƙe fensir.

Malam, maigidana, direba ne. Yana da tsohuwar a-kori-kura fara wadda yake kai hatsi kasuwannin ƙauye da ita. Gab da faɗuwar damina ya ce injin ya gaji, yana shan mai yana hayaƙi. Ya kwance kan injin da hannunsa, wato ƙarfen nan na sama mai nauyi da bawuloli, ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, ke ciki, ya shigo da shi ya ɗora a kan benci ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Sauran injin ya rufe shi da buhu a jikin motar, ya ce da kayan gyara sun iso daga Kano zai haɗa. Kayan sun iso, shi ne bai jira su ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Allah Ya jiƙansa.

Kun san yadda muke, kayan mamaci ba a taɓa su sai an raba gado. Ina takaba a ɗaki, kan inji yana rumfa, damina ta shigo ta fita a kanmu mu biyu.

Mahaifiyarsa, Inna, tana wani ƙauye a bayan Maruta. Idonta ya daɗe da tafiya. Malam shi ne ɗanta na fari, don haka tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "mai mota" take ce masa. Da ya rasu ba wanda ya ga hawayenta. Akwai wani gyambo a ƙafarta da ya ƙi warkewa, kuma kafin ya kwanta ya yi mata alkawarin da ya gama gyara zai zo ya kai ta babban asibiti a Birnin Kudu. Bayan rasuwar, ƙaninsa Habu ya je da motar haya, ta ƙi shiga. Ya koma, ta ƙi. Maganarta ɗaya ce: "Mai mota ya ce zai zo." Malamin asibitin ƙauyen ya ce in aka ƙara jinkiri, ƙafar ce za a rasa. Dangi suka ce rikicin tsufa ne, a ɗauke ta da ƙarfi kawai. Na aika musu cewa duk wanda ya sa wa tsohuwar nan hannu, ni da shi ne.

Ranar rabon gado dangi suna shirin sayar wa 'yan gwangwan motar, na ce a saka ta a kason 'ya'yana. Na kai wa Ɗanjuma makanike ita da kayan gyaran da Malam ya bari. Ya wanke, ya zuba sabon ringi, ya sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kai da gangar inji, ya ɗaure. Da ya tayar ya taka mata wuta har kajin unguwa suka watse, ya ce, "Ta koma sabuwa, har Legas sai ta je." Na ce Maruta kawai nake so.

Muka tashi da hantsi, Habu ne a sitiyari. Shi ya yi wa wansa yaron mota a da, yanzu magidanci ne mai gona a Surko, amma bakinsa na nan yadda na san shi. Ya dubi ƙullin kayana ya ce, "Matar Yaya, wannan kaya haka, aure za ki sake a can?"

Na ce, "In ma zan sake, ba mai kunne irin naka ba. Ja mu tafi."

Mun fita gari kenan, daidai inda ake barin ƙasar Birnin Kudu, muka tarar da shinge, an gitta katako mai ƙusoshi. Wani mai kaki ya leƙo ya nemi takardu. Habu ya fara lalube, na zaro su daga jakata na miƙa, don ni na karanta su na san ba wadda ta mutu a ciki. Ya duba suna, ya dubi Habu, ya ce, "Ina mai motar?"

Na ce, "Yana maƙabartar gabas."

Sai ya naɗe takardun ya miƙo da hannu biyu, ya ce, "Allah Ya gafarta masa, Hajiya." Shi da kansa ya janye katakon. Na rubuta wannan don na sha zagin masu shinge, to ga wanda ban zaga ba.

Bayan nan ne na fara jin ƙarar. Wani ƙas-ƙas-ƙas ne siriri daga gaban mota, kamar ana buga cokali a bakin kwano. Muna tafiya tana ƙaruwa. Na ce wa Habu ya saurara.

Ya ce, "Sabon haɗi ne, sai ya zauna. Dubi nan, fitilar mai ba ta kama ba."

"Fitila ce za ta kai mu ko inji?"

"Yaushe kika zama makanike? Ke dai bar ni da aikina."

Ni ba makanike ba ce. Amma shekara da shekaru ina wanke wandon Malam. Kullum da safe in ya tayar da mota, sai ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ya kifa tafinsa a bakin ramin. In ya ɗago ya ga ɗigo-ɗigon mai, sai ya goge a cinyarsa ya rufe. Mun sha faɗa a kan wannan gogewar. Ya kan ce mini man da ke kwance a ƙasa ba ya amfanar sama, sai ya hau.

Na ce, "Habu, tsaya." Ya yi kamar bai ji ba. To a nan ne na yi tsawar da kuke tambaya. Na ce ya tsaya ko in buɗe ƙofa in dira, ya je ya gaya wa Inna yadda aka yi. Ya gangara gefen titi.

Ya ɗaga bonet yana ƙunƙuni. Na naɗe hannuna da gefen hijabi na murɗe murfin, inji na aiki, na kifa tafina. Zafi kawai ya buge ni, da wari irin na tukunyar da aka manta a kan wuta ba ruwa. Na ɗago hannu, fes, ko ɗigo. Na ce ya kashe. Ya zaro sandar gwajin mai ya nuna mini, mai a cike har alama.

Na ce, "Na gani. Yana ƙasa. Ina na sama?"

Ya leƙa ramin da kansa, ya daɗe, sannan ya mayar da sandar a hankali. Daga nan bai sake yi mini gardama ba.

Sara ce gari mafi kusa. Wani manomi ya zo wucewa da amalanken shanu, muka roƙe shi, ya ɗaura igiya ya ja mu. Haka muka shiga Sara, bijimai biyu a gaba, motar Malam a baya, mutanen bakin titi suna nuna mu. Habu ya ja hula har kan gira. Ni kuwa na zauna daram ina gaishe su ta taga, don ban ga abin kunya a ciki ba.

Aka nuna mana garejin wani dattijo, Malam Isyaku, a ƙarƙashin darbejiya a bakin gari. Mutum ne marar yawan magana. Makanikan garinmu kafin ka rufe baki sun faɗa maka ciwon motar da na kakarta. Shi sai da ya gama jin bayanina tas, ya tambayi wanda ya lura, Habu ya nuna ni da haɓa, dattijon ya gyaɗa kai ya ɗauko sifana.

Ya shimfiɗa buhu a ƙasa, duk abin da ya kwance sai ya jera shi a kai bi da bi. Da ya cire murfin saman injin, ya kira ni in gani. Akwai wasu ƙarafa a jere kamar yatsu a kan sanda guda, su ne ke danna bawuloli, ya ce roka ake ce musu. Ya kamata a same su sharkaf da mai. Sun bushe ƙayau, na ƙarshen har ya canja launi ya yi shuɗi-shuɗi.

Ya ce, "Da kun ƙara tafiya kaɗan, da sai dai a nemi wani kan."

Sai ya fara bin man daga tushe. Ya sassauta filtar mai, ya ce Habu ya murɗa makulli, mai ya yi tsartuwa ya ɓata masa riga, ya ce to famfo lafiya lau. Ya kwance sandar roka ya juya ta, ko an ɗaura ta a kife ramukanta ba su dace ba, ya ga daidai take. Ya sa baki ya hura, iska ta fita. Ya nuna mini wata 'yar ƙaramar kafa a jikin kan injin, wadda bakinta bai fi ƙwayar dawa ba, ya ce ta nan mai ke fitowa ya shiga sandar. Ya cire fulogai, Habu ya sake murɗa makulli, muka zura wa kafar ido. Ba abin da ya fito. Ya zura waya, ta shiga kaɗan ta tsaya.

Ya ce hanyar tana da lanƙwasa a ciki, don haka waya ba za ta faɗa masa gaskiya ba. Zatonsa ko an juya gasket ya rufe ramin, ko an lafta gam ya toshe shi, don yaran yanzu gam suke shafawa kamar man shanu. Ko wanne ne, sai an ɗaga kan, kuma in an ɗaga sai sabon gasket, shi kuwa sai cikin Gwaram. Rana ta riga ta yi sanyi. Habu ya hau acaɓa ya tafi nema.

Ba a gareji na kwana ba. Malam Isyaku ya sa aka kai ni gidansa wajen matarsa, Gambo. Abin da ya ba ni mamaki a gidan, ba wadda ta tambaye ni daga ina ko 'yar gidan wa. Ruwa aka kawo, aka nuna mini gabas, aka ajiye mini dambun zogale da fura mai kindirmo, irin wanda cokali ke tsayawa a ciki, don Fulani na kusa da su. A unguwarmu kafin baƙuwa ta haɗiye ruwa mun san sunan kakanta da dalilin mutuwar aurenta. Man gyaɗar da ke dambun kam bai soyu ba, na kuma faɗa wa Gambo, ta yi dariya ta ce dama an ce mutanen Birnin Kudu ba sa ɓoye magana. Na ce ba duka ba, ni ce dai.

Bayan magariba Habu ya dawo da gasket, ya yi sallama da ni a ƙofar gida. Fuskarsa ba daɗi. Ya ce an kira shi daga ƙauye, ƙafar ta kumbura har ƙwauri, kuma dangi sun yanke shawara in ba mu iso gobe ba za su ɗauke ta ko tana so ko ba ta so.

Ya ce, "Matar Yaya, ko mu bar motar nan mu nemi wata? Ba ta gani fa. Sai mu ce ita ce."

Na ce, "Makauniya ce, ba kurma ba. Kuma ni ba zan yi wa uwar Malam ƙarya ba."

Da safe ina zaune a bakin ɗakin Gambo ina jiran koko, sai ga zanzaro ya wuce ta gabana ɗauke da ɗan taɓo. Ya nufi wata tsohuwar buta da ke rataye a jikin katanga, ya shige ta bakin hancinta, ya fito, ya koma ɗebo wani. Ina kallonsa sai na tuna. Duk tsawon takabata, in na gaji da ɗaki na kan zauna a bakin ƙofa da rana, ba abin da ke motsi a gidan sai wani zanzaro da ke kai da komo tsakanin gindin randa da rumfa. Har sabo na yi da shi. Ban taɓa tambayar kaina ina yake kai taɓon ba.

Ban sha kokon ba. Na tarar sun riga sun ɗaga kan injin sun kwantar da shi a buhu. Malam Isyaku yana tsugune yana juya tsohon gasket a hannu. Ya ce daidai aka sa shi, ba gam, kuma da suka murɗa makulli mai ya taso daga gangar injin har ya yi tsalle. Toshewar a cikin kan take, amma ya rasa abin da zai shiga wurin.

Na ce, "Malam Isyaku, ƙarfen nan damina guda ya yi a buɗe a rumfata."

Ya ɗago. "A buɗe?"

Na faɗa masa rasuwar, da jiran rabon gado, da zanzaron. Ya tashi ya ciro sifok daga wata tsohuwar ƙafar keke, ya wasa bakinsa a dutse, ya ɗura kananzir a kafar ya bar shi ya jiƙa. Ya dinga sakacewa ta sama, ya juya ya sakace ta ƙasa. Can sai jar ƙasa ta fara zubowa, ta sha mai ta sha zafi ta yi tauri kamar fasasshen tulu. Aka ɗauki kan zuwa wajen mai faci, aka sa bututun iska. Abin da ya fito ya faɗo a kan buhu: dunƙulen taɓo, da busassun tsutsotsi guda-guda da uwar zanzaro ta tara wa 'ya'yanta.

Muka tsaya mu uku muna kallo. Habu ya juya mana baya ya daɗe yana gyara hularsa.

Malam Isyaku ya ce, "Ɗanjumanku ya wanke waje, bai hura ciki ba. Ƙarfen da ya kwana a buɗe, kowace kafa sai an hura ta an ji iska ta fita ta ɗaya gefen."

Ɗanjuma zai ji nasa daga bakina, ya ma riga ya ji. Amma ku matan ajinmu ga naku. Addini bai ce a bar kayan mamaci a buɗe ba. Tsoron bakin dangi ne, kada a ce wance ta taɓa, ya sa duk masu shiga gidan nan gaisuwa ba wanda ya yafa wa ƙarfen ko tsumma.

Kafin azahar ya mayar da komai. Ya zuba mai da hannu a kan rokokin, ya ce ba za a rufe saman ba sai mun gani da idonmu. Habu ya tayar. Ƙarafan suka shiga rawa, ƙas-ƙas ɗin na nan. Muka sunkuya muna kallo. Can sai na farko ya yi gumi, baƙin mai ya tsattsafo ta gefensa ya gangaro. Sai na biyu, sai na kusa da shi. Ƙarar tana raguwa kamar ana rufe mata baki. Na ƙarshen, wanda ya ƙone, ya daɗe a bushe har na fara karanta abin da ya zo bakina. Sannan shi ma ya jiƙe. Mai ya dinga fantsama, ya yi mini zane a gaban hijabi, ban ja da baya ba.

Malam Isyaku ya daidaita su ya rufe. Ya ce na ƙarshen ya ji ciwo, zai dinga 'yar ƙara har sai an canja shi, amma zai kai mu ya dawo da mu. Gambo ta aiko mini da ƙullin daddawa, na ce in na sake biyowa zan kawo mata man gyaɗa na gaske.

Gwaram ba mu tsaya ba sai don shan fetur. Daga nan muka ɗauki hanyar Maruta, muka bar kwalta, muka shiga burji, daga burji sai yashi tsakanin gonakin da aka girbe. Sau ɗaya muka kafe, wasu masu ɗaurin kara suka tura mu. Duk inda Habu ya tsaya sai na sauka na buɗe murfi na kifa tafi. Har ya daina kallona.

La'asar sakaliya muka shiga ƙauyen. Tun daga nesa na hango motar hayar da dangi suka kira tana tsaye, maza sun taru a ƙofar gida. An fito da Inna an zaunar da ita a tabarma a bakin zaure, ƙafar naɗe da tsumma, ta riƙe ginshiƙin ƙofa da hannu biyu. Kafin mu ƙaraso na ga ta saki ginshiƙin ta karkata kai.

Habu ya tsaya a gindin tsamiya, inda Malam ke tsayawa. Ya kai hannu zai kashe, sai muka ji muryarta.

"Kada a kashe."

Habu ya janye hannu. Injin na ta aiki, tana saurare. Na sauka na je na durƙusa a gabanta na gaishe ta.

Ta ce, "Ita ce. An taɓa ta, akwai wata 'yar ƙara da ban sani ba. Amma ita ce." Ta juya fuska wajen motar. "Wa ya tuƙo?"

"Ni ne, Inna. Habu."

Ta miƙo hannu tana lalube har ta kama hijabina, daidai inda man ya zuba. Ta ja shi zuwa fuskarta ta shaƙa. Ta daɗe a haka.

Ta ce, "Salisu." Ta sake cewa, "Ashe dai Salisu ba zai zo ba."

Matan da ke tsaye a zaure suka sunkuyar da kai. Tsofaffin cikinsu ma ba su taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar rasuwa, ba sauti, tana riƙe da hijabina, ba kuma wanda ya ce mata ta yi haƙuri. Da ta gama ta share fuska da bayan hannu, ta ce a ɗauko mata sandarta da carbinta. Ba wanda ya ɗauke ta da ƙarfi. Habu ta dafa, ni na riƙe ƙafar, muka sa ta a gaba a inda nake zama, ni na koma baya na zauna a kan buhu.

Ƙafar tana nan. Likita ya ce mun zo a kan gaɓa, yatsa ɗaya aka cire. Yanzu Inna tana gidana, a ɗakin da ke kallon rumfa, ana kai ta wankin ciwo. Habu ne ke jan motar zuwa kasuwanni, amma ba ya fita sai na duba. Kullum da safe in ya tayar, sai in fita in buɗe murfi in kifa tafina, in goge a gefen zane. Kafin in shigo take tambaya daga kan tabarma.

"Ya hau?"

"Ya hau, Inna."